Kimiyya da Zamani: Kama da Wane Ba Ta Wane

A shekara ta 2016, ƴan jarida na ƙasashe da dama suka bankaɗo takardu miliyan 11 da rabi na wani biron lauyoyi da ke Panama, mai suna Mossack Fonseca. Babu mahaluƙin da zai iya karance su shi kaɗai. Sai aka zuba sunayen cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka shimfiɗa su tamkar saƙar gizo: kowane mutum, kamfani ko adireshi ɗigo ne, kowace hulɗa kuma zare ce tsakanin ɗigo biyu. Da bin zaren aka kai ga masu dukiyar da suka laɓe bayan kamfanoni, har firaministan Aisland ya bar kujerarsa.

To amma ba kullum ake samun zaren a rubuce ba. Sau da yawa alamu kaɗai ke akwai, sai an auna su. Nan ne lissafin yiwuwa yake shigowa. Tushensa wata ƙa'ida ce ta Thomas Bayes, limamin coci a Ingila, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa, kuma Laplace na Faransa ya faɗaɗa ta. Abin da take koyarwa shi ne yadda zato zai ƙaru ko ya ragu duk lokacin da sabuwar shaida ta zo. A 1985, Judea Pearl na jami'ar Kaliforniya ya ɗora wannan ƙa'ida bisa saƙar ɗigo da zare, ya zama kowane zare yana ɗauke da nauyinsa.

Ga yadda abin yake aiki. A ɗauka kamfanoni biyu suna da adireshi guda. Na'ura za ta ɗaga zaton cewa mai su ɗaya ne. In aka tarar lambar tarho ma ɗaya ce, zaton ya ƙara nauyi. Amma in ta bayyana cewa adireshin na lauya ne mai riƙe da takardun kamfanoni dubu, sai zaton ya faɗi, domin an sami wani dalili da ya bayyana haɗuwar. Haka alƙali mai hankali yake yi, illa dai na'ura tana yin haka bisa miliyoyin sunaye a lokaci guda. Shi ma Google da lissafin yiwuwa ya soma a 1998: yana auna darajar shafi da yiwuwar mai yawo daga shafi zuwa shafi ya faɗa kansa.

A yau bankuna da kamfanonin aika kuɗi na duniya suna amfani da dabaru irin waɗannan wajen farautar zamba, kuma a nan ne haɗarin yake. A ƙaddara cikin ajiya 1000 akwai 10 na ƴan damfara. Na'ura ta kama 9 daga cikinsu, ta kuma yi kuskure bisa kashi 5 cikin 100 na sauran, wato kusan mutum 50. Ke nan cikin mutum 59 da aka tsayar, 9 kaɗai ke da laifi. Sauran fatake ne da kuɗinsu ya maƙale, kayansu na jira a tasha.

Lamarin ya fi tsanani inda sunaye ke kama da juna. Mutum guda zai zama Mahamadou a takardar Maraɗi, ya zama Muhammadu a ta Katsina, alhali mutum ɗari daban suna amsa suna ɗaya. Dattawa da yawa kuma shekarar haihuwa kawai ke cikin takardunsu, babu rana babu wata. Na'ura na iya raba mutum guda biyu, ko ta haɗe baƙi biyu su zama ɗaya.

Saboda haka wajibi ne ɗan kasuwa ya daidaita rubutun sunansa a banki da duwan da katin shaida. Shi kuwa ma'aikacin da na'ura ta miƙa wa suna, ya san cewa zato aka ba shi, ba hukunci ba. Kafin ya sa hannu a rufe ajiyar wani, sai ya kira mai ita, ya ji ta bakinsa.