Hoton Kujera, Shaidar Itace

Duk wanda ya tsaya ya kalli ƙwararren mai ɗaukar hoto yana aiki a kan kujera 'yar tsugunno, zai lura cewa ba ya gaggawa. Yakan guji ranar tsaka, ya jira hantsi ko la'asar. Dalili kuwa shi ne, hasken da ya zo a karkace yakan jefa 'yar inuwa cikin kowane sawun gizago, sai saran masassaƙi da jijiyar itacen su fito fili. Yakan kuma kafa farin ƙyalle a ɗaya gefen domin ya mayar da haske wajen da ya yi duhu. Daga nan sai ya tsuke kafar kyamara, kamar yadda ƙwayar ido kan tsuke cikin rana, don gaba da bayan kujerar su fito tangaram.

Irin wannan hoto galibi don talla ake yin sa. Amma a ƙasar Gobir, wato su Kamarawa da Isa da Sabon Birni, yana da wani amfani da ya fi ciniki, domin kowace kujera, da turmi, da akushi, shaida ce ta itacen da aka sare. Alal misali, masassaƙa sun daɗe suna fifita ƙirya wajen turmi da taɓarya, saboda cikinta ja ne mai tauri, gara ba ta cin sa da sauƙi. Maƙera kuma suna son gawayinta. To, ƙirya ba ta saurin girma, ga shi kuma ana sare ta ta fuska biyu.

Ba ita kaɗai ke cikin matsi ba. Tun 1998 aka sa maɗaci cikin jerin itatuwan duniya da ke fuskantar barazana. Madobiya kuwa, yawan jigilarta zuwa ƙasar Sin ya sa a 2016 ƙasashen duniya suka amince a sa wa cinikinta takunkumi. Bugu da ƙari, rashin tsaro ya raba mutane da yawa na wannan yanki da ƙauyukansu, kuma wanda ya gudu da ransa ba ya ɗaukar turmi.

Saboda haka ya kamata malaman kimiyya su koya wa ɗalibai wannan sana'a, ko da da kyamarar waya ce. Sai dai a ƙara abu uku da mai talla ba ya damuwa da su: a ajiye rula kusa da kayan domin a san girmansu, a tambayi masassaƙi sunan itacen da inda aka saro shi, a kuma rubuta shekara. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Makarantar da ta tara irin waɗannan hotuna shekara goma za ta iya nuna wa hukumar gandun daji itacen da ya fara ƙaranci, da wanda ya kamata a fara dasawa.