Tsaka da Kunkuru a Gidan da Ke da Mai Sikila

Wata rana ɗanka zai iya miƙo maka waya, ya nuna maka wata tsaka rawaya mai ɗige-ɗige baƙaƙe tana kwance a tafin hannun wani yaro, ya ce shi ma a nemo masa. Tsakar damisa ake ce mata. Asalinta busassun duwatsun Pakistan da Afganistan da arewa maso yammacin Indiya, kuma tana cikin dabbobi masu rarrafe da aka fi kiwo a gidajen Amurka da Turai. Tana da 'yar'uwa mai kaurin wutsiya a nan Afirka ta Yamma, wadda ake kamawa a Gana da Togo da Benin a kai kasuwannin ƙetare. Mu kuwa a Birnin Gwari, da dajin Kamuku ke maƙwabtaka da mu, ba sai an je intanet ba: yaro yakan dawo daga gona da kunkuru, a sake shi a tsakar gida, ya zama abokin wasan ƙannensa.

Ra'ayina shi ne, gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko mai sikila, ko mai ciki, ko tsoho mai rauni, kada ya ajiye ko ɗaya daga cikinsu.

Ba don dafi ba. Mun taso ana ce mana tsaka tana da dafi, idan ta faɗa a miya ta zama guba, idan ta bi fatar mutum ta bar masa cuta. Hukuncinta a addini maganar malamai ce, na bar musu. Amma ta fuskar likitanci, tsaka ba ta da dafi. Abin tsoron yana cikin kashinta, wato wata ƙwayar cuta mai suna salmonela, wadda ke zaune a hanjin tsaka da ƙadangare da kunkuru da maciji ba tare da ta sa su rashin lafiya ba. Dabbar tana nan garau, idonta tar, alhali ƙwayar tana fatarta da akwatinta da kwanon ruwanta. Tun a shekarun 1980 masu bincike a Nsukka suka same ta a cikin tsakar bango ta gidajenmu. A Amurka ma, yawan yaran da suka kamu ne ya sa a 1975 aka hana sayar da ƙananan kunkuru waɗanda ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba.

A jikin babba mai lafiya, abin yakan tsaya a gudawa da zazzaɓi da murɗar ciki, ya fara tsakanin awa 6 da kwana 6 bayan kamuwa, ya wuce cikin mako guda. Mai sikila daban yake. Saifarsa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, takan lalace tun yana ƙarami. Jinin da ke toshewa kuma yakan raunana hanji, ya bar wuraren da suka mutu a cikin ƙashi. Sai ƙwayar ta tsallaka daga hanji zuwa jini, ta sami mazauni a ƙashin. Shi ya sa salmonela take cikin manyan masu jawo ruɓar ƙashi ga masu sikila, cutar da ke cin makonni ana allura, wani lokaci har sai an yi aiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne farkonta yana kama da ciwon ƙashin da iyaye suka saba gani, sai a yi ta ba da maganin raɗaɗi a gida ana jiran ya lafa.

Za ka iya cewa ai wanke hannu ya wadatar. Ga babba, da sabulu da ruwa, yana taimakawa ƙwarai. Amma wa zai tsare mai rarrafe kada ya kai hannu baki? Ka tuna kuma tsakar damisa takan kai shekara 15 ko fiye a hannun mai kiwo, gidan da babu jariri a bana kuwa yana iya samu baɗi.

Tsakar bango ba ta jiran gayyata, don haka a rufe abinci da randa, a kife kwanuka, a share kashinta da tsumma mai jiƙa, a wanke hannu. Abincin da ta faɗa ciki a zubar.

Idan yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, kada a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis bisa zato. Idan jariri ne, ko an ga jini a bayan gida, ko mai sikila ne ya yi zazzaɓi, musamman da kumburi ko zafi a wuri guda na ƙashi, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita irin dabbar da ke gidan.