Tom Dempsey: Mai Rabin Ƙafa Da Ya Kafa Tarihi

A makon nan za mu leƙa Amurka, inda suke da nasu ƙwallon ƙafar daban da wanda muka saba. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ne, 'yan wasa 11 ne a kowane ɓangare sanye da hular kwano, kuma galibi da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da shi. Amma kowace ƙungiya tana da mutum ɗaya wanda aikinsa bugu da ƙafa. Idan an kasa kai ƙwallo ƙarshen fili, sai a kira shi, wani ya dafa masa ƙwallon a ƙasa, shi kuma ya buga ya wuce ta saman sandar da ke kwance, tsakanin sanduna biyu da ke tsaye. Idan ya shiga, an samu maki 3. Wani lokaci sau biyar kawai zai shiga fili a wasa guda, amma sau da yawa nasara ko faɗuwa tana kan ƙafarsa.

To, ku ji labarin Tom Dempsey. An haife shi a birnin Milwaukee a 1947, ba shi da yatsu a ƙafar dama, hannunsa na dama ma babu yatsu. Da wannan ƙafar ya zaɓi ya riƙa bugu. Aka yi masa takalmi na musamman mai faffaɗan baki, kuma a 1969 ya shiga ƙungiyar New Orleans Saints a babbar gasar ƙasar, wato NFL.

Ranar 8 ga Nuwamba, 1970, Saints suna karawa da Detroit Lions. Lions na gaba da maki 17 da 16, saura daƙiƙa 2 a tashi. Nisan da ke tsakanin ƙwallo da sanduna yadi 63 ne, wato kusan mita 58, fiye da rabin filin ƙwallon da kuka sani. Kafin ranar, bugu mafi nisa a tarihin gasar yadi 56 ne. Dempsey ya taho ya narka wa ƙwallon ƙafa, ya tashi ya wuce sandar da ƙyar. Saints suka ci 19 da 17.

Sai surutu ya tashi. Wasu suka ce ai takalmin ne ya ba shi fifiko. A 1977 hukumar gasar ta kafa doka cewa dole bakin takalmin mai bugu ya yi kama da na kowa. Abin lura shi ne, duk da masu cikakkun ƙafafu da suka biyo baya, sai da aka shekara 43 kafin Matt Prater ya zarce shi da yadi 64 a 2013.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya tafi masa daidai. Shekara bata zagayo ba Saints suka sallame shi. Bai zauna yana kuka ba, ya koma Philadelphia Eagles, daga nan ya buga wa wasu ƙungiyoyi uku har zuwa 1979. Ya rasu a watan Afrilu na 2020 sakamakon cutar korona, yana da shekara 73.

Yanzu mu dawo makarantarku. Idan an fita filin wasa, wa ake bari a gindin bishiya yana gadin jakunkuna? Sau da yawa mai ɗingishi ne, ko wanda shan inna ya taɓa. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so ya gwada, an riga an yanke masa hukunci. Da haka aka yi wa Dempsey, da yau ba mu san sunansa ba.

Kai kuma da ake bari a gefe, ka lura cewa Dempsey bai ce sai ya iya komai ba. Ya nemi abu ɗaya da zai iya, ya yi ta maimaita shi har ya gwanance.

Aikinku na wannan mako: idan za a raba 'yan wasa, ku fara kiran wanda ba a taɓa kira ba. Ku rubuto mana yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.