Haɓo a ɗakin tiyata: abin da likita ke bukatar ji daga bakin iyaye

Duk wanda ya yi hunturu a Sharada ko Challawa ya san yadda hancin yara ke bushewa. Ga ƙurar manyan motocin da ke shiga da fita kamfanoni, ga busasshiyar iskar Disamba. Yaro ya fyace majina sai a ga jini. Uwa ta share, ta ce haɓo ne, zai wuce. Sau da yawa kuwa yakan wuce.

Amma ranar da za a yi wa yaron tiyatar baki, haƙora ko muƙamuƙi, haɓon nan ba ƙaramin labari ba ne. Tunda a bakin za a yi aiki, likitan da ke sa barci yakan zura bututun numfashi ta hanci zuwa maƙogwaro. A asibitin masu cutar noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, akwai yaran da muƙamuƙinsu ya kafe har baki ba ya buɗuwa, hancin ne ya rage. Hancin yaro kuwa matsattse ne, cike da ƙananan jijiyoyin jini, wasu yaran kuma suna da kumburarriyar tsoka can baya, wadda ke sa su minshari. Da bututu ya gogi wurin, jini na iya rufe wa likita gani, ko ya gangara huhu.

Rigakafin ba shi da tsada. A ɗiga maganin da ke tsuke jijiyoyin hanci, irin su Otrivin na yara, a jira ya yi aiki. A tsoma kan bututun cikin ruwan ɗumi mai tsafta ya yi laushi, a shafa masa man santsi, a zaɓi ɗan siriri, a bi ƙofar hancin da ta fi buɗewa. Wasu likitocin kan sanya wa kansa siririyar roba mai taushi ta shige gaba. 'Yan mintuna ne kawai, kuma jerin masu jiran tiyata bai isa hujjar tsallake su ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar duba yaro kafin aiki. Leburan Bompai da ake biya kullum-kullum ba ya son rasa kuɗin yini, sai a tura yaron da kawu ko yayarsa, waɗanda ba su san yana haɓo duk mako ba, ba su san an ba shi asfirin daga kemis shekaranjiya ba, alhali asfirin na hana jini tsayawa da wuri. Mahaifiyar da ke kwana da shi ita ya kamata ta zauna gaban likita.

Su ma likitoci su yi tambayar da Hausar gida. Yana haɓo? Yana minshari? Da aka yi masa kaciya, jinin ya daɗe bai tsaya ba? Akwai mai irin haka a dangi? In yana fama da mura mai ƙarfi kuma aikin ba na gaggawa ba ne, a ɗage shi, ko da uban zai sake neman izinin fashin aiki.