Kadmiyam a Lambunan Ngadda: Wa Zai Biya Kuɗin Gwaji?

MAIDUGURI — Mai sayen alayyafo ko latas a Kasuwar Gamboru farashi yake tambaya, ba ruwan da aka shayar da lambun ba. Alhali kuwa masu bincike na Jami'ar Maiduguri sun sha samun kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, a ruwan kogin Ngadda da kayan lambun bakinsa.

Ƙarfen yana shiga ƙasa ne ta takin zamani mai fosfet, da matattun batura, da dagwalon gari. In ya shiga jiki sai ya taru a ƙoda, ya shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Mace mai ciki da ke fama da ƙarancin jini, hanjinta ya fi na namiji tsotsarsa. Haka ma yaron da abincinsa bai wadata ba. Hayaƙin tabar maigida kuwa ƙari ne. A Toyama ta Japan, inda hukuma ta ɗora alhakin cutar itai-itai kan kadmiyam a 1968, akasarin waɗanda ƙasusuwansu suka lalace mata ne da suka yi haihuwa da yawa.

A ganina lissafin a fili yake. Tarayyar Turai ta ƙayyade kadmiyam a takin fosfet tun 2019. Gwajin ƙasa da na taki, da rabon ƙwayar ƙarin jini a wurin awon ciki, ba su kai tsadar wankin ƙoda ba. Bayan ambaliyar Alau ta 2024, wadda ta kwashi sharar gari ta zuba a fadamu, ya kamata Gwamnatin Borno ta sanya wannan gwaji cikin kasafin kuɗinta, kada ta bar wa manomin rani.