Me Zai Sa Mutumin Birni Ya Rage Shara?

Duk wanda ya leƙa kwatocin Kano ko Kaduna ko Jos da damina zai lura da wani abu. Zai ga leda ta toshe hanyar ruwa, amma da wuya ya tsinci guntun ƙarfe ko tsohuwar tukunya. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙarfe yana da mai saye, shi ya sa 'yan gwangwani suke bi gida gida da sikeli suna nemansa. Leda kuwa masu sayenta kaɗan ne, saboda haka take kwana a kwata.

An taɓa gwada tsoro a ƙasar nan. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, aka kuma tilasta wa jama'a fitowa shara. Garuruwa sun yi fes na ɗan lokaci. Da bulala ta kau, sai juji ya koma yadda yake.

Abin da ya dawwama shi ne wanda mutane suka ga amfaninsa da idonsu. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar tokar birni da shararsa zuwa gona don taki. Maƙera suna narka gwangwanayen lemo su zuba tukwane. Tsohuwar taya takan zama guga ko takalmi. Mata masu zoɓo da kunu suna sayen gorunan roba. Babu wata doka da ta sa su.

Bayan riba sai sauƙi. Uwargida za ta ware leda da roba gefe guda idan ta san akwai mai zuwa ya karɓa. Amma in ta ware, mako ya zagayo motar shara ba ta zo ba, wa zai ga laifinta in ta juye a kwata? Mutum kuma yana duban maƙwabcinsa. In mai unguwa ya share ƙofar gidansa, kunya kaɗai ta isa ta fito da saura.

Muna ganin doka tana da nata wurin. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Sai dai doka takan yi ƙarko ne in an ba talaka abin da zai riƙe a madadin abin da aka hana shi.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su taimaka a kafa wuraren sayen leda da roba a kowace kasuwa. A yi wa 'yan gwangwani rajista da katin shaida, domin a bambanta mai neman halaliyarsa da ɓarawon wayar lantarki. Mu kuma mu koma zuwa cefane da kwando kamar iyayenmu.

Kwatar da ta toshe, gidanmu take turo wa ambaliya, 'ya'yanmu kuma sauronta yake cizo. Kafin ruwan bana ya sauka, kowa ya dubi ƙofar gidansa.