Wanda Ya Karɓi Aikin Kafinta

Zancenmu na wannan mako a kan kayan ɗaki ne, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa cikin kwali, mai saye ya harhaɗa da hannunsa.

Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1943, shi ya yayata wannan dabara. A 1956 wani ma'aikacinsa ya cire ƙafafun tebur don ya shiga mota. Sai suka ga ashe kaya a kwance ba su cin wuri a jirgi ko a sito, ladan kafinta kuma ya fita daga kuɗin. Asalin arahar ke nan: aikin da ba ka biya ba, a kanka ya faɗo.

To, wanda ya karɓi aikin kafinta sai ya cika shi. Ka ƙirga kusoshi tun ba ka fara ba, kada kuma ka ɗaure ɗaya tamau sai duk sun shiga.

Amma babban abin shi ne ɗan ƙarfen nan na ɗaure durowa da bango, wanda akan jefar don gaggawa. Yaro yakan jawo aljihunan durowa ya hau kamar tsani, ta rinjayo ta danne shi. A 2016 kamfanin nan ya janye durowa miliyan 29 a Amurka, bayan waɗansu yara sun rasu ta haka.

'Yan'uwa, huda bango aikin minti kaɗan ne, rai kuwa ba a sayensa a kanti. Allah ya kiyaye mana zuriya, amin.